Adaftar Wi-Fi mai sauri: USB, PCIe ko M.2, wace kafa ce za ta iya ɗaukar gudunta?

Mutum ya sauya rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gida, zuwa sabuwa, wayarsa tana sauke abu cikin ƙiftawar ido, kwamfutarsa kuwa tana nan tana jan ƙafa da tsohon katin Wi-Fi da ta zo da shi. Mafita a bayyane take, a sayi sabuwar adafta. To amma ta ina za a haɗa ta? A jikin kwalin adafta an rubuta 1800 ko 3000, alhali kafar da za a soka ta wataƙila megabit 480 kawai take iya wucewa ta cikinta a daƙiƙa. Nan ne mai saye yake tsayawa yana wasi-wasi: ya ɗauki ta USB mai sauƙin sokawa, ko ya buɗe kwamfuta ya dasa kati a ciki, a ramin PCIe ko na M.2?

Ga matsayata tun daga farko. In aka cire USB 2.0, kafofin kwamfuta na yau ba su ne suke riƙe Wi-Fi ba. Sai an kai Wi-Fi 7 a mafi faɗin tasharsa sannan USB mai gigabit 5 yake fara haki. Abin da ya fi raba waɗannan zaɓuɓɓuka shi ne eriya, da zafi, da direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da adaftar, kuma su ne mai saye ya fi mantawa da su saboda ba a rubuta su da manyan baƙaƙe a kwali.

Ma'aunin da za a bi

Na farko shi ne gudun gaskiya, kuma dole a tsaya a kansa domin duk ruɗanin daga nan yake tasowa. Duk inda na ce megabit ko gigabit a wannan rubutu, a daƙiƙa guda nake nufi. A kuma tuna megabit 8 ne suke yin megabait 1, shi ya sa layin megabit 800 yake nuna kimanin megabait 100 a lokacin da ake sauke fayil.

Lambar da ke kan kwali jimilla ce, ba gudun da za ka samu ba. Adaftar da aka kira AC1200 tana da megabit 867 a zangon rediyo na gigahaz 5, da 300 a zangon gigahaz 2.4, sai aka haɗa su aka cike lissafi. AX1800 kuwa 1201 ne da 574. AC600, wadda ta fi yawa cikin ƙananan adaftoci, 433 ce da 150. Irin waɗannan adaftoci zango ɗaya suke kamawa a lokaci guda, don haka babbar lambar cikin biyun ita ce iyakarka. Ita ma wannan iyakar ba duka take zuwa hannu ba. Wi-Fi ba ya aikawa da karɓa a lokaci ɗaya a tasha guda, yana jiran iska ta lafa kafin ya yi magana, yana sake aika abin da ya lalace a hanya, kowane ƙunshi kuma yana ɗauke da bayanan kula da hanya. Idan komai ya tafi daidai, kana kusa da rauta, abin da ke isowa yakan kama daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku na gudun haɗin, wato waccan babbar lambar. Da wannan adadin ya kamata a auna kafa, ba da lambar kwali ba.

Ga yadda gudun haɗin yake a adafta mai eriya biyu, wadda ita ce aka fi samu a kwamfuta. Wi-Fi 4 na 2009 yana kai megabit 300. Wi-Fi 5 na 2013 yana kai 867 a tasha mai faɗin megahaz 80. Wi-Fi 6, wanda aka fara ba wa na'urori shaidarsa a 2019, yana kai 1201 a faɗin 80, da 2402 a faɗin 160. Wi-Fi 6E gudu ɗaya suke da shi, sai dai ya ƙara zangon gigahaz 6. Wi-Fi 7, da ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fara ba da shaidarsa a Janairun 2024, ya ninka faɗin tasha zuwa 320, ya kai kusan gigabit 5.8.

Sauran ma'aunan gajeru ne. Eriya: girmanta da inda take zaune. Zafi da wuta: ko kafar tana ba da isasshiyar wuta, ko kuma jikin adaftar yana iya fitar da zafinsa. Kuɗi. Ƙarko. Sauƙin haɗawa. Sai kasada, wato yiwuwar ka saya ya ƙi aiki da kwamfutarka, ko ka ɓata wani abu garin dasawa.

USB 2.0

Wannan ita ce kafar da Wi-Fi ya riga ya wuce da gaske. Tun shekarar 2000 take, a rubuce megabit 480 ce, amma ita ma ba ta aikawa da karɓa a lokaci guda, kuma tsarin tafiyar da bayananta yana cin kaso mai yawa. Abin da ake samu a aikace yana tsakanin 280 da 320. Wutar da take bayarwa wat 2.5 ce.

Sai a yi lissafi. Adaftar Wi-Fi 4 mai 150 ko 300 ba za ta taɓa cika wannan kafa ba. AC600 mai 433 takan ba da wajen 200 zuwa 280, ita ma ta shige, da ƙyar. Daga AC1200 zuwa sama kuwa asara ce: adaftar tana iya kawo 500 ko fiye, kafar ta rage shi zuwa 300. Kamar zuba ruwan bokiti ne ta mazurari, komai yawan ruwan, bakin mazurarin ne yake yanke hukunci.

Wani abu da ya kamata a lura da shi: akwai adaftocin da aka rubuta musu Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6 amma su kansu na USB 2.0 ne. Ko ka soka su a kafa mafi sauri, 480 ɗin nan dai za su tsaya. Galibi su ne 'yan ƙananan nan da ba su wuce girman farce ba. Dole a duba bayanan adaftar a ga wace USB take amfani da ita, ba wace Wi-Fi kaɗai ba.

Duk da haka ban yarda a raina ta ba. Ita ce mafi araha, ba ta da kasadar komai, ba ta yin hayaniyar da zan yi magana a kai nan gaba, kuma megabit 250 sun ishi kallon bidiyo mai inganci, da taro ta intanet, da karatu, da aikin ofis, har da saura. Wanda layin intanet ɗinsa bai wuce megabit 100 ba, USB 2.0 ba ta tauye masa komai. Rauninta na gaske eriya ce. 'Yar adaftar da ta kusa ɓuya cikin kafa, eriyarta zane ce a kan allo, jikin kwamfuta kuma ya tare mata gefe guda. In akwai bango biyu tsakaninka da rauta, nan za ka ga bambanci.

USB mai gigabit 5

Ita ce aka fara kira USB 3.0 a 2008, aka sake mata suna USB 3.1 Gen 1 a 2013, aka kuma sake kiranta USB 3.2 Gen 1 daga baya. Kafa ɗaya ce da suna uku, kuma wannan sauye-sauyen suna ya ruɗa masu saye ba kaɗan ba. Sau da yawa cikinta shuɗi ne, ko a ga alamar SS a gefenta, ko da yake ba kowane kamfani yake bin launin ba.

Daga gigabit 5 ɗin, kashi ɗaya cikin biyar yana tafiya wajen tsara bayanai, saura 4, a aikace kuma ana samun gigabit 3 da ɗoriya. Tana da layin aikawa daban, na karɓa daban, tana ba da wat 4.5. To Wi-Fi 6 mafi ƙarfi mai eriya biyu, 2402, abin da yake kawowa bai cika wuce gigabit ɗaya da rabi ba sosai. Kafar ta ɗauke shi da rabin ƙarfinta. Saboda haka ga Wi-Fi 5, da 6, da 6E, tambayar ta mutu: kafar ta ishe su har da rara.

Wi-Fi 7 ne ya sake ta da maganar. A faɗin 320, kashi biyu cikin uku na 5.8 ya kusa gigabit 4, ya ɗara abin da kafar take iya wucewa da shi. Sai dai kafin ka kai nan dole abubuwa da dama su haɗu: rauta mai Wi-Fi 7, ƙasar da kake ta ba da izinin amfani da zangon gigahaz 6 (faɗin 320 a can kaɗai yake, kuma ba kowace ƙasa ce ta buɗe shi ba), kana ɗaki ɗaya da rautar, adaftar kanta tana iya faɗin 320, sannan akwai wani abu a ɗaya ɓangaren da zai iya turo bayanai da wannan gudu. Da yawa daga adaftocin USB masu sunan Wi-Fi 7 a faɗin 160 suke tsayawa, wanda gudun haɗinsa bai kai gigabit 3 ba, kafar kuma ta ishe shi.

Matsalar wannan kafa a wani wuri take. Yadda USB 3.0 yake tura bayanai yana fitar da hayaniyar rediyo da ke faɗawa daidai zangon gigahaz 2.4. Kamfanin Intel ya wallafa takarda a kan haka a 2012. Ma'ana, kafar da ta ba ka sauri ita ce kuma take toshe wa adaftarka kunne in tana kan 2.4, har da linzami da allon rubutu marasa waya da Bluetooth, domin duk a wannan zango suke. Abin ya fi tsanani in akwai faifan ajiya na waje a kafar da ke maƙwabtaka, ko kebul ɗin ba shi da kariya mai kyau. A zangon 5 da 6 ba a cika jin wannan ba. Maganinsa mai sauƙi ne: a sa ɗan kebul na ƙari mai inganci, a nesanta adaftar daga jikin kwamfuta, a ɗora ta bisa tebur. Wannan ɗan kebul ɗin, a ganina, shi ne abu mafi amfani da mai adaftar USB zai ƙara wa kansa, domin yana magance hayaniya da matsalar wurin zaman eriya a lokaci guda. Sai dai ya zama na USB 3 ne, kuma kada ya wuce mita biyu ko uku, in ba haka ba haɗin yana iya komawa 480 ba tare da ya sanar da kai ba. Adaftocin da suke zuwa da mazauninsu mai kebul sun riga sun warware wannan.

Sai zafi. Adaftar da ke tura gigabit tana cin wuta, jikinta kuwa roba ce rufaffiya. Saukewa ta minti biyu ba ta nuna komai, amma in aka ɗauki sa'a ana tura manyan fayiloli, ƙananan cikinsu sukan yi zafi su rage gudu, wasu ma su yanke su dawo. Adafta mai ɗan girma, mai ramukan shan iska da eriyoyi biyu a waje, ta fi jurewa.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta wasu adaftoci: suna tashi a matsayin USB 2.0, sai direba ya umarce su sannan su koma USB 3. In direban bai dace ba, za su zauna a 480 har abada, mai ita yana zargin rauta. A Linux umarnin lsusb -t yana nuna 480M ko 5000M a gaban kowace na'ura. A Windows kuwa netsh wlan show interfaces yana nuna gudun haɗin Wi-Fi. In haɗin ya nuna 867 ko 1201 amma tura fayil tsakanin na'urori biyu na cikin gida ya ƙi wuce 300, to kafar ko kebul ɗin ne abin tuhuma.

Kuɗinta matsakaici ne, masu manyan eriya sukan kai ko su wuce kuɗin katin ciki. Ƙarko: kafar USB-A an tsara ta ta jure sokawa da cirewa sau 1,500, wannan ba damuwa ba ne. Damuwar ita ce doguwar adafta da ta leƙo daga gefen laftof. Buguwa ɗaya tana iya karya adaftar, ko ta ɓalle kafar daga allon kwamfuta, gyaran nan kuma ya fi adaftar tsada.

USB-C, USB mai gigabit 10, USB4 da Thunderbolt

Nan ba sai an daɗe ba. USB mai gigabit 10 ya zo a 2013, Thunderbolt 3 mai gigabit 40 a 2015, USB4 a 2019. Dukansu sun fi ƙarfin kowace adaftar Wi-Fi da ake sa wa kwamfuta. Sai dai kusan duk adaftocin da ke kasuwa na gigabit 5 ne ko ƙasa, don haka soka su a kafar gigabit 40 ba ya ƙara musu ko megabit ɗaya.

Gargaɗi ɗaya ne. USB-C, wadda ta fito a 2014, siffar baki ce, ba gudu ba. Akwai kafar USB-C da 480 kawai take yi, kuma kebul ɗin caji da yawa ma haka suke. In za ka haɗa adafta ta mahaɗa mai baki da yawa, duk abin da ke jikin mahaɗar rabon hanya ɗaya suke yi. Abin yabo gare ta shi ne ƙarko, an tsara ta don sokawa sau 10,000.

Katin PCIe na kwamfutar tebur

Ga mai kwamfutar tebur, wannan ne zaɓin da na fi amincewa da shi. Katin yana shiga ƙaramin ramin PCIe mai layi ɗaya a babban allon cikin kwamfuta, wato motherboard, yana kuma shiga dogon rami in shi ne babu kowa a ciki. Layi ɗaya na PCIe 2.0 na 2007 yana ɗaukar gigabit 4 a kowace fuska. Na PCIe 3.0 na 2010 ya kusa gigabit 8, na 4.0 kuma ninkinsa. Ke nan allon da ya shekara goma sha ma ya ishi Wi-Fi 6E, Wi-Fi 7 a cikakken faɗinsa kuma yana son PCIe 3.0 domin ya sake jiki. A lura, wasu tsofaffin alluna dogon raminsu na 3.0 ne amma ƙananan na 2.0, littafin allon zai faɗa.

Amma ba don waɗannan lambobi na fifita shi ba. Katin yana da wuta isasshiya, yana da ƙarfen da ke tsotse zafi, iskar fankar kwamfuta tana bi ta kansa, eriyoyinsa manya ne kuma ana kwance su a sauya. Jinkirinsa ya fi daidaituwa, abin da mai wasan intanet da mai kiran bidiyo suke ji a jikinsu fiye da yawan megabit. Ajizancinsa shi ne eriyoyin suna fitowa a bayan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin tebur, kusa da bango, cikin tarin wayoyi, wuri mafi muni da za a ajiye eriya. Don haka a zaɓi wanda ke da eriya mai kebul da mazauni, a ɗora ta sama.

Dasa shi yana buƙatar a kashe kwamfuta, a zare wuta, a buɗe murfi, a ɗaure noti ɗaya. Akwai wata 'yar waya da mutane suke mantawa da ita: Bluetooth na katin ta USB yake bi, don haka sai an soka wannan waya a mazaunin USB mai fil tara da ke kan allo. In ba a soka ba Wi-Fi zai yi aiki, Bluetooth ba zai bayyana ba. A duba kuma ko katin hoto mai kauri bai rufe ramin ba, in akwatin siriri ne a tabbatar an haɗo da gajeren ƙarfen ɗauri. Kuɗinsa matsakaici ne, ƙarkonsa kuwa ya fi na kowa tunda ba abin da ke taɓa shi.

Katin M.2 na laftof

Yawancin katunan PCIe da na ambata, in ka ɗaga ƙarfen kansu, ɗan katin M.2 ne a ciki. Shi ne kuma yake cikin laftof da ƙananan kwamfutoci: faɗinsa milimita 22, tsawonsa 30, yana shiga rami mai yankan E, daban da ramin faifan SSD. Ta PCIe yake magana, saboda haka maganar gudu ɗaya ce da ta sama. Shi ne sau da yawa mafi arha cikin masu sauri, domin eriya da akwati duk na laftof ɗin ne. Eriyoyin laftof kuwa suna cikin murfin allon kallo, a sama, wuri mai kyau ƙwarai. Babu abin da ya leƙo waje, babu kafar da aka cinye.

Duk kasadar wannan kwatance a nan ta taru, kuma araha ba ta ado in katin ya ƙi tashi. Na ɗaya, wasu siraran laftof an narka musu Wi-Fi a jikin allo, ba a cirewa. Na biyu, tsofaffi suna da ramin Mini PCIe, wanda M.2 ba ya shiga. Na uku, wasu kamfanoni sun taɓa kulle kwamfutocinsu su ƙi karɓar katin da ba ya cikin jerin da suka amince da shi. Na huɗu shi ne CNVi na Intel: katuna irin AX201 da AX211 rabin aikinsu yana cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙirar Intel da ta dace da su, ba sa aiki a kwamfutar AMD ko tsohuwar Intel, alhali AX200 da AX210 cikakkun katunan PCIe ne. Siffarsu ɗaya, lamba ɗaya ta raba su, mutane da yawa kuma sun sayi wanda bai dace ba. Katin Wi-Fi 7 na Intel, BE200, ko da yake na PCIe ne, masu kwamfutar AMD da dama sun ba da rahoton ya ƙi yi musu aiki. Gare su katunan MediaTek ko Qualcomm ne abin dubawa.

Na biyar, mahaɗan eriya. 'Yan ƙanana ne ƙwarai, an tsara su don cirewa da mayarwa kimanin sau 30 kawai, in aka danna a karkace sai su lanƙwashe ko su ɓalle. Hannu mai natsuwa suke so. Na shida, eriyar tsohuwar laftof an yanka ta ne don 2.4 da 5, za ta iya kama gigahaz 6 amma ba lallai da cikakken ƙarfi ba. In garantin kwamfuta bai ƙare ba, a karanta sharuɗɗansa kafin a kwance murfi.

| Kafa | Abin da take ɗauka a aikace | Wi-Fi da ta isa | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Kasada |
|---|---|---|---|---|---|---|
| USB 2.0 | megabit 280 zuwa 320 | Wi-Fi 4, AC600 | ƙasa ƙwarai | mai kyau | soka kawai | raunin eriya |
| USB gigabit 5 | gigabit 3 da ɗoriya | har 6E, da Wi-Fi 7 mai faɗin 160 | matsakaici zuwa sama | tana iya karyewa | soka, sa direba | zafi, hayaniya a 2.4 |
| USB gigabit 10, USB4, Thunderbolt | ya wuce buƙata | duka | ba ƙarin riba | mai kyau | soka kawai | kebul ko kafa mai 480 |
| PCIe layi ɗaya | gigabit 4 a 2.0, kusan 8 a 3.0 | duka a 3.0 | matsakaici | mafi ƙarko | buɗe akwati | kaɗan |
| M.2 yankan E | kamar PCIe | duka a 3.0 | ƙasa zuwa matsakaici | mai kyau | buɗe laftof | rashin dacewa, mahaɗan eriya |

Kafin a zargi kafa

Akwai shinge uku da sukan riga kafar kwamfuta tare hanya. Layin intanet shi ne na farko: in kamfanin da ke ba ka layi megabit 100 ya sayar maka, adaftar gigabit biyar ma 100 za ta kawo. Na biyu kafar kebul ta rautar kanta. Rautoci da yawa masu iƙirarin dubbai kafar gigabit 1 gare su, wadda a aikace take ba da kimanin 940. Duk abin da ya shigo ta nan ba zai wuce haka ba. Sai mai kafar gigabit 2.5, ƙa'idar da ta fito a 2016, ko ta 10, sannan Wi-Fi 6 mai faɗin 160 zai nuna kansa. Na uku babbar manhaja: zangon gigahaz 6 a Windows sai Windows 11, cikakken Wi-Fi 7 kuma sai bugunsa na 24H2 ko wanda ya biyo baya. Mai Windows 10 da ya sayi katin 6E zai samu Wi-Fi 6 ne kawai. Mai Linux kuma ya tambayi wace ƙwaƙwalwa ce a cikin adaftar kafin ya duba sunan kamfanin da ke kwali, domin wadda direbanta yake cikin tsarin tun asali ta fi wadda sai an nemo direba daga waje, wanda kan lalace duk lokacin da aka sabunta tsarin.

Wa ya dace da wanne

Mai layin da bai wuce megabit 200 ba, rauta tana kusa, buƙatarsa kawai kwamfuta ta hau intanet: adaftar USB mai zango biyu ta wadatar, ko ta 2.0 ce. Ya dai zaɓi mai eriya a waje in akwai bango tsakani.

Mai laftof da ba a iya sauya katinta, ko wanda ba ya son buɗe ta: adaftar Wi-Fi 6 ta USB mai gigabit 5, a zangon 5, da ɗan kebul na ƙari in a tebur yake aiki. In yawan tafiya yake da ita, ya riƙa zare adaftar kafin ya sa laftof a jaka.

Mai laftof da katinta yake cirewa, kuma hannunsa ya saba da ƙananan notuna: M.2, bayan ya duba lambar tsohon katin ya tabbatar da irin ramin. In yana shakka tsakanin CNVi da PCIe, kati irin AX210 ne ya fi yawan kwamfutocin da yake shiga.

Mai kwamfutar tebur, musamman mai wasa, mai aikin bidiyo, ko mai tura manyan fayiloli zuwa ma'ajiyar gida: katin PCIe mai eriya a kan kebul. In allonsa yana da ramin M.2 mai yankan E da ba kowa a ciki, kati da eriyoyi biyu sun yi masa aiki iri ɗaya.

Mai neman Wi-Fi 7 a faɗin 320: PCIe 3.0 ko sama, ta kati ko ta M.2, da Windows 11 na 24H2 ko sama, da rauta mai kafar gigabit 10 ko aƙalla 2.5. Shi kaɗai ne USB mai gigabit 5 za ta iya tauyewa.

Wanda kuma kwamfutarsa ba ta motsi, rauta tana inda kebul zai kai, ya bar maganar adaftar Wi-Fi. Kebul ɗin haɗa kwamfuta da rauta irin Cat5e yana ɗaukar gigabit 2.5 har tsawon mita 100, yana aikawa da karɓa a lokaci guda, in kwamfutar ba ta da irin wannan kafa kuma akwai adaftar kebul ta gigabit 2.5 da ke shiga USB mai gigabit 5 ta yi aiki da cikakken gudunta.